Zanen da Na Shanya Kafin Lokaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamace ka, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Mu nan Manawashi lafiya lau muke, sai ciwon gwiwa da ya zama ɗan gida. Na san ba kai kaɗai za ka ga wannan takarda ba, har waɗanda ba su san ka ba za su karanta. To, su karanta. Tsufa ya cinye rabin kunyata, ɗaya rabin kuwa shi ya jawo mini abin da zan faɗa.

Gafara nake nema, Malam, a kan maganar motar hedimasta. Amma ka bar ni in bi ta hanyata, ai ka san ni da dogon zance.

Kwanan nan ina yawan jin ƙarar motarka Kunkuru. Ba a barci ba fa. Ina zaune bayan la'asar ina tsince shinkafa, sai in ji ta can ƙofar gida tana bugawa a hankali, tif-tif-tif, har warin fetur ya shigo mini hanci. In na leƙa sai in tarar da ita a ƙarƙashin rumfa yadda ka bar ta, tayoyi sun daɗe da sacewa, wata kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Sai in koma in ci gaba da tsintata.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita? Shekarar da aka canja hannun tuƙi ce. Ta hannu ka saya daga wani likita mai barin gari, ruwan madara, bayanta a dunƙule, shi ya sa unguwa ta sa mata Kunkuru. Ni kuwa sarkin sani na buɗe gabanta, na ga taya kawai, na ce an cuce ka, ba inji. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa, sannan ka zagaya da ni baya ka nuna mini.

Ranakun Lahadi su ne nawa. Mu kama hanyar Dadin Kowa, gonakin auduga sun yi fari fat hagu da dama, Dutsen Bima yana can gaba, muna tafiya shi ma kamar yana tafiya. Iska tana shigowa ta ɗan ƙaramin gilashin gefe tana wasa da mayafina. Ba ka cika magana ba. Sai dai can ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce, "Saurara." In yi shiru, duniya ta yi nisa, ba abin da ya rage sai injin nan a bayanmu.

A wannan hanyar ka koya mini kafireta, inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Ka ce girki ne, kamar gari da ruwa a tukunyar tuwo. In mai ya yi yawa muryarta takan yi nauyi, salansa ta yi baƙin hayaƙi, in ka kwance fulogi ka gan shi baƙi wuluk. In iska ce ta yi yawa sai ta riƙa shessheƙa, tana atishawa ta baya, da ka ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan wuri, bai fi juyi kwata na sukurdireba ba, inda take sakin jiki ta yi numfashi daidai. Kai ka sha mamakin yadda na kama shi da wuri. Ni ban sha ba, macen da ke gane tafasar miya daga ɗaka me zai gagare ta?

Asabar kuwa ta Kunkuru ce. Tun da sanyin safiya kake shiga ƙarƙashinta ka gyara tafet na cikin inji, wai sai yana sanyi. Ka tsiyaye baƙin mai, ka danna fambel da babban yatsa, domin ita ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Ka kwance kafireta ka wanke a cikin kwanon sha na aurena, wanda har yau ban daina jin haushinsa ba. Ka ɗaga jet ka duba rana ta cikin ɗan raminsa, ka hura da baki. Ba ka taɓa zura masa waya ba. Kakan ce, "Ramin da ka faɗaɗa ba ya komawa."

Sai ga kuɗin mai sun shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙari, kowa ya tashi sai ya yi mota. Malaman makaranta, akawuna, mutanen jirgin ƙasa, har waɗanda jiya-jiya suke kan keke. Motoci sun yi yawa, masu jin muryarsu ba su da yawa. Kai ba sana'arka ba ce, aikinka yana wurin injinan gurzar auduga, kullum ka dawo da farin gashin auduga a gira. Amma duk Asabar sai layi ya kai bakin titi. Ka jingina tafin hannu a jikin mota, ka karkata kai, ka juya sukurdireba kaɗan-kaɗan, sannan ka daki rufin ka ce "Boɗɗum!" da Fillancin mahaifiyarka, wato ya yi kyau. Gari ya sa maka Mai Kunne. Ni nakan ce mai kunnen ƙashi dai, ka yi kamar ba ka ji ba.

Ashe wata rana ba "kamar" za ta zama ba. Injinan gurza sun yi ta cin kunnuwanka a hankali, ni na fara ganewa. In ina magana sai na ga bakina kake kallo. In an kira salla sai ka ga maƙwabta sun miƙe kake miƙewa. Yaya mace za ta dubi Mai Kunne ta ce masa ba ya ji?

Wata Asabar ina wanki a bayan gajeriyar katangarmu, kana waje da motar wani akawu. Kana juya sukurdireba, na ji ka zo ɗan wurin nan da mota ke sakin jiki, ka wuce. Ka dawo, ka sake wucewa. Ga mutane tsaye suna kallo. Da ka sake zuwa kansa, ban san lokacin da na wurga jiƙaƙƙen zane a kan katanga ba, har ruwa ya fallatsa maka. Ka ɗaga kai ka dubi zanen. Ka daɗe kana dubansa. Sannan ka zare sukurdireba, ka daki rufin mota.

Daga ranar muka zama mu biyu. Ba ka taɓa tambayata ba, ban taɓa yi maka zancen ba. Duk Asabar dai ina da wanki, ko babu datti sai na jiƙa wani abu. Kai kana juyawa a waje, ni ina saurare a ciki, in mota ta saki jiki in shanya zane. Shekara uku muna haka, sunanka yana ƙara nisa. Wallahi, Malam, a duk zaman aurenmu ban taɓa jin kusanci da kai kamar lokacin da katangar nan take tsakaninmu ba.

To, ga ranar. Asabar ɗin sunan ɗan ƙanwata Hajara ce a Kumo, ka yi mini alkawari tun mako guda za mu tafi da hantsi. Na sha lalle, na ɗaura sabuwar atamfa, na ƙulle kayan barka. Sai ga Malam Yohanna, hedimastan nan na Herwagana, da motarsa. Ranar ake ɗaura auren 'yarsa a coci, motar ce za ta ɗauki amarya, ga shi tana masa gardama. Ka leƙo ka ce mini yanzun nan. Na san yanzun nan ɗinka.

Ka kwance, ka wanke, ka hura, ka mayar. Ka bar inji ya yi zafi. Rana tana ta hawa, inuwar katanga tana janyewa daga ƙafata, gumi yana ɓata mini kwalli. Ina tuna an zuba abinci a Kumo, dangi suna cewa ina Asabe. Ka fara juyawa. Na ji ta matso, ta kusa, amma da saura, har yanzu tana ɗan jan numfashi irin na mai ƙishirwa. Kwata ɗaya ya rage. Zuciyata ta ce kusa da daidai ai daidai ne. Na ɗauki zane na shanya.

Na gan ka ta saman katanga. Tafin hannunka yana jikin motar, na san yana gaya maka da saura. Ka dubi hannun, ka dubi zanen. Ka zaɓi zanen.

Muka tafi Kumo. Na ci, na sha, na yi guɗa. A hanyar dawowa yamma ta yi kyau ƙwarai, shanu suna ketare titi, har na yi gyangyaɗi a kafaɗar kujera. Ban ko tuna da motar hedimasta ba.

Ashe a can ayarin amarya a hankali yake tafiya, mata suna waƙa a gefe. Duk sanda Malam Yohanna ya ɗaga ƙafa sai mota ta mutu. A tayar, a yi taku goma, ta sake mutuwa. Ƙarshe mazaje cikin kwat suka tura ta da amarya a ciki har ƙofar coci. Wani bakaniken bakin hanya ya zo ya ɗan taɓa ta da sukurdireba, ta miƙe garau.

Washegari hedimasta ya zo. Mutumin kirki ne, ba faɗa ya kawo shi ba, da dariyarsa ma ya zo. Kana sunkuye a bayan Kunkuru, ka ba shi baya. Ya yi sallama, ya ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, mutanen da ke zaune a dakalinmu suna ta ƙyaƙyatawa. Ya kira ka sau uku. Da ya dafa kafaɗarka ka zabura, sifana ta faɗi. Dariyar ta tsaya cak. Ina bayan katanga, duk a kunnena aka yi.

Kai da kanka ka riƙa mayar da masu motoci ba gyara bayan haka, ka ce aiki ya yi maka yawa. Mutane suka daina kiran ka Mai Kunne, don tausayi suka daina, kuma na san tausayin ya fi zagi yi maka ciwo. Asabar ta zama fayau, daga kai sai Kunkuru.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ka daina duban katanga ba. Duk sanda ka zo gyara tamu, sai ka ɗaga kai kana jira, kamar ba abin da ya faru. Ban sake kuskurewa ba ko sau ɗaya. Amma ban iya faɗa maka ba. In na ce ni ce na shanya kafin lokaci, na ce ke nan na san ba ka ji, mu kuwa duk ginin da muka yi a kan rashin faɗar wannan muka yi shi. Kullum in ce gobe. Har yau ban sani ba, ka gane ka yi shiru ne, ko kuwa ka tafi kana zargin kanka.

Ranar da jikinka ya tsananta, bayan azahar, ɗaki ya cika da 'yan'uwanka maza, ga liman a zaune. Aka ce in shigo mu yafi juna. Na durƙusa a gefen gado, na ja mayafi na rufe rabin fuskata saboda idon mutane. Na faɗa, Malam. Wallahi na faɗa duka, da zanen, da Kumo, da kwata ɗayan. Ƙasa-ƙasa na faɗa. Idonka yana neman bakina, mayafi ya tare. Ka ce, "Na'am?" Na dubi yayanka, na dubi liman, na ce sannu na ce. Ka gyaɗa kai. Kafin magariba ka tafi.

To ga shi yau a rubuce, ba mayafi. Na ji da saura, na san da saura, na shanya don ina sauri. Hannunka gaskiya ya gaya maka, ni ce na yi maka ƙarya. Duk wanda ya rage a Gombe cikin waɗanda suka tura motar nan, ko suka zauna a dakalinmu ran nan, ya sani laifin ba na Mai Kunne ba ne. Ka yafe mini, mijina. Ina kewarka fiye da yadda tsohuwa ya kamata ta faɗa a gaban jama'a.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka huta. Allah ya mayar maka da jinka cikakke, ya sa sallamar mala'iku ce farkon abin da zai shiga kunnenka. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa ni da kai, ya ba ni ƙarfin halin ɗaga murya ko da duk mutanen lahira suna zaune a wurin. Amin.

Matarka,
Asabe