Mun Shafa Fatiha, Amma Tokar Tana Tsakar Gida

Anti Halimat, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ni lebura ne a wani kamfanin 'yan ƙasar waje da ke bayan Gwagwalada. Tsofaffin batiran mota muke fasawa, a narkar da dalmar ciki a fita da ita waje. Tokar da ke saura kyauta suke bayarwa. Da damina mukan ɗiba a baro mu cike tsakar gida da ita saboda taɓo, har godiya muke yi musu. Gidan yayana Manniru, inda nake zaune, kusan duk da ita aka daɓe shi.

Ni ba mai yawan magana ba ne, amma ina kallo. Oga ba ya shiga motarsa da takalmin da ya taka wurin aiki, sai ya canja. Ranar da Turawan da ke sayen dalmar za su zo dubawa, sai a raba mana safar hannu da takunkumi sababbi fil, suna fita daga ƙofar kamfanin a bi mu a karɓe.

To, sai Yusra, 'yar Manniru mai shekara uku, ta fara ciwon ciki da suma, 'yar maganar da ta fara ma ta tsaya. A asibitin koyarwa aka ce gubar dalma ce a jininta. Kuma ba ita kaɗai ba ce a layinmu.

Manaja ya zo wurin mai unguwa ya yi alkawarin rijiyar burtsatse. Dattawa suka ce a bar wa Allah, aka shafa Fatiha. Ina wurin, na ɗaga hannu kamar kowa. Rijiya dai an haƙa. Tokar kuwa tana nan.

Yanzu wata lauya, Madam Felicity, daga ƙungiyar kare haƙƙin jama'a, tana neman ma'aikacin da zai ba da shaida. Manniru ya ce maganar da aka rufe da Fatiha ba a buɗe ta, in na ba da shaidar in nemi wani gidan. Aikin ma ya tafi ke nan, ga shi da shi nake taimakawa wajen maganin yarinyar. In yi shiru ne, ko in yi magana?

Naki, wani lebura daga Gwagwalada.

Ƙanena, fara da abin da ba ya jira. Yusra da sauran yaran su bar gidan, ko wurin dangi ne, har a kwashe tokar. Kada a share ta a bushe, ƙurar ce ke shiga jiki. Kai ma je ka a gwada jininka, kayan aikinka kuma su daina shiga ɗaki.

Ban ga laifin Manniru ba. Uba ne da ya tsorata, kuma zaman unguwa sai da dattawa. Tsoron rasa aiki ma ba na banza ba ne. Ba zan ce maka za su ƙyale ka ba, shari'a da manyan kamfanoni kuma tana jan lokaci.

Amma a fahimtata, Fatiha addu'a ce, ba alkawarin ɓoye cuta ba. Babba yana iya yafe haƙƙinsa, ba ya yafe na yaron da har yau ke rarrafe a kan guba. Tambayi malamin da ka yarda da shi. In ya gamsu, ku je wurin mai unguwa tare, kada ya ji labarin a bakin wani.

Ita kuma Madam Felicity, ka tambaye ta ko za a sakaya sunanka, da abin da ƙungiyarsu za ta yi in an kore ka. Nemo abokan aiki ko biyu ne, da iyayen yaran da suka kamu, ku tafi da sakamakon asibiti Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da hukumar kula da muhalli. Maganar karɓe takunkumi kuwa, ku tabbatar ta isa kunnen masu sayen dalmar, don a ƙasashensu ana iya tuhumarsu kan inda suke sayayya. Kada ka dangwala yatsa a kan duk abin da ba a karanta maka ba.

Shawarata ka yi magana. Amma samu wurin kwana tukuna, sannan ka faɗa wa Manniru da bakinka, cikin ladabi, ko da zai yi fushi. Allah ya ba Yusra lafiya, ya sanyaya zuciyar yayanka, kai kuma ya ba ka aikin da ba zai ci jikinka ba.