Bencina a Bakin Taga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanena, Autanmu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ka a inda kake. Mu nan kowa lafiya. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa da ke taɓa ta, amma bakin nan nata ko kaɗan bai tsufa ba. Uwar yara ta warware daga zazzaɓin da ta yi, ni ma tarin nan ya yi sauƙi.

Saƙonka ya iso, na kuma sa an maimaita min shi don kada in yi maka gurguwar fahimta. Ka ce tunda an sa wa kasuwa wutar sola, gyaran janareta ya mutu, in rufe rumfa in taho wurinka in huta, har ɗaki ka share min. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma Auta, ba zan zo ba, kuma bari ka ji dalili.

Kada ka ɗauka fushi nake da sola. Wallahi ni na fi kowa murna. Wa ya sha hayaƙi kamar ni? Ka san lungunmu na masu gyara, bango baƙi, ƙasa baƙa, majinar da mutum zai fyace ma baƙa. Yanzu da safe har kukan tsuntsu ake ji a layin teloli. Abin da ya ƙona min rai daban ne. Gwamnati ta fito da shirinta na gyara tattalin arziki ba tare da ɓata muhalli ba, kullum rediyo na faɗa mana da kowa za a tafi. Ranar buɗe solar aka raba mana korayen huluna, aka jera mu a gaba aka ɗauki hoto, muka yi ta tafi. Da aka zo koyar da haɗa farantin sola da batir kuwa, sai jami'in shirin ya ce min tsarin na matasa ne masu takardar makaranta. Ya dubi furfurata ya ce in yi haƙuri, Baba, in tura ɗana. Kuma duk wanda ba shi da takardar shaidar gama horonsu, ba zai taɓa wayar kasuwa ba. Ga shi shugaban kasuwa ya ce lungunmu za a mayar da shi ɗakin batura, masu shaida ne kaɗai za a bar wa rumfa. Wato kaina ya isa ɗaukar hula, amma bai isa ɗaukar karatu ba.

Na dawo gida ko abinci ban iya ci ba. Inna ta ce in dai zaman jugum zan yi, in matsa mata daga ƙofa, ina tare mata iska. Ka san ta.

Washegari na saɓa bencin nan nawa mai ƙafa ɗaya ta ƙarfe, wanda Baba ya bar min, na bi ta tsakiyar kasuwa da shi har bayan ajin da ake koyarwar. Na dasa shi a bakin taga na zauna. Maigadi ya zo ya ce in tashi. Na ce masa hanya ce nan, ba aji ba, bencin kuma gadona ne. Jami'in ya fito yana ta faɗa, wai ina zubar wa shiri mutunci, idan baƙi suka zo me za su ce. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, ka gaya musu wannan shi ne kowan da aka ce za a tafi da shi."

Yaran ajin suka yi ta dariya, wani ma ya ce a kawo wa kaka tabarma. Ban kula su ba, gemu ba ya hana ilimi. Kuma kada in yi maka ƙarya, abin da wuya. Ni da nake gane ciwon inji da kunne, sai ga aikin da ba ya ƙara ba ya wari, lissafi ne zalla. Ranar farko ko kashi ɗaya ban kama ba, na koma gida kaina na sarawa. Amma na dawo. Dogo mai naɗin koyil na janareta, wanda ya fi kowa yi min tsiya, shi ya fara biyo ni da kujerarsa. Yanzu duk masu gyaran lungu muna wurin, rana na dukanmu, masu tura kura na zaginmu mun tare hanya. Injiniyar da ke koyarwa ba ta taɓa ce mana uffan ba. Sai dai ran nan ta shigo, ta ja allon ta karkato shi wajen taga, ta kuma ɗaga murya.

Ba a ce za a ba mu shaida ba. Jami'in ya rantse ba za mu zauna jarrabawa ba, mu kuma mun ce a ranar, da bencinmu za mu zo, in ya so a ɗauke mu da shi. Mai yiwuwa in rasa rumfar, na sani, kuma ina jin tsoro, don a cikinta na ciyar da gidan nan, a cikinta aka biya maka makaranta. Amma in kiɗa ya canza rawa ake canzawa, ba fili ake bari ba. Ba zan zauna a ɗakinka ina kallon silin ina jiran a kawo min abinci ba, alhali hannuna na motsi.

Ka gaishe min da matarka da takwarana da 'yar baƙar rigimammiyar nan taku. Inna tana sa maka albarka, uwar yara da Yaya Babba da Kawu duk suna gaisuwa.

Ɗakin da ka share, ka zuba kayanka a ciki. In kuma lallai sai ka yi min wani abu, to aiko min da tabarau mai kyau. Daga bakin taga rubutun allon ƙanana ne.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Yayanka, mai gyaran janareta, kafin ka ji an ce mai sola.