Murhunka Na Nan, Na Wanke Shi

Zuwa ga Abban Hafsa,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Kana raye ma saƙona sai ya kwana biyu a wayarka kafin ka buɗe, saboda haka ban ga wani babban canji ba.

Na fita takaba ranar Talata. Hafsa ta koma makaranta. Unguwarmu Gesse na nan yadda ka bar ta, famfo bai kawo ruwa ba.

Ga labarin murhunka. Ina nufin ɗan mitsitsin nan na ƙarfe mai fallaye huɗu, wanda kake harɗawa ka dafa shayi, ka wargaza ka zura a aljihun jakar goyonka. Masuntan da suka tsince ka a bakin gulbi, tsakanin Argungu da Augie, sun kawo shi tare da gawarka. Sun ce butar da ke kansa ba ta gama hucewa ba. Ranar sadakar uku, yayarka Hajiya Kulu ta gan shi, ta ɗauka kaskon turare ne. Ta cika shi da garwashi, ta zagaya da shi tsakanin mata masu gaisuwa, suna yaba kyansa. Ban gyara mata ba. Ran nan ne dariya ta fara taso mini tun da aka kawo ka.

Shekara goma sha ɗaya kana saɓa jakar nan duk Asabar, ka bar mota a Argungu ka bi fadama a ƙafa. Likita ya ce hawan jininka ba na yawo kai kaɗai ba ne. Ni ma na faɗa. Ka yi murmushi ka ci gaba da lissafa mini falalar murhun: ba gas, ba kananzir, ƙirare cikin tafin hannu sun isa. Ka taɓa yabon wani abu a gidan nan haka?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kafin a fita da makararka, mata sun kewaye ni suka ce in yafe maka. Na ce na yafe. Hajiya Kulu ta sa na maimaita don na baya su ji. Ƙarya na yi, Abban Hafsa. A gaban gawarka na yi ta.

Jiya na ɗauki jakar na tafi wurin. Wani tsoho cikin masuntan ya nuna mini gindin bishiyar da suka same ka. Na harɗa murhun, na cusa masa itace kamar yadda ake yi wa murhun gida, na koma gefe ina jira. Ya turnuƙe ya mutu. Digirina biyu, sau uku ina kashe wuta. A na huɗu na gane: ba ya cin abin da ya fi yatsa kauri, kuma ba a ba shi baya. Sai ka tsuguna a gabansa kana miƙa masa tsinke ɗaya bayan ɗaya, kana lura da shi, har ruwa ya tafasa.

Ashe ka iya zama. Ashe ka iya lura da abu don kada ya mutu. Ni da na ɗauka halittarka ce ba ta ba ka ba.

Na zazzage jakar kaf. Ashana, ganyen shayi, maganinka da ko ɓallewa ba ka yi ba. Kofi ɗaya. Na sake dubawa, wai ko na biyu ya maƙale a wani aljihu. Da ka ce in zo, wataƙila in ƙi, in ma yi maka ba'a. Amma me ya hana ka tambaya ko sau ɗaya?

Na sha shayin a kofinka. Yana warin hayaƙi, kuma ya yi daɗi. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Malamai sun ce hakkin wani kan riƙe mamaci, kuma ba na so in zama ni ce na riƙe ka. Ina roƙa maka gafara bayan kowace salla, Allah ya fi ni sauƙin kai. Tawa yafiyar ba ta kama ba tukuna. Asabar mai zuwa zan koma in sake gwadawa.

Allah ya kai haske kabarinka.

Matarka, wadda ba a ɗauko wa kofi ba,
Maman Hafsa