Iddar da Ta Ƙi Ƙarewa

Zuwa ga malamai da dattawan unguwarmu ta Sabo, waɗanda suka zauna a zaure kan maganar iddata.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Allah ya gafarta wa malamai, ya ƙara wa dattawa lafiya.

Ni ce Gambo mai tuwo, wadda ke dafa wa fataken shanu da 'yan dakon goro. Ban iya rubutu ba, malami na samu yake rubuta mini, na kuma roƙe shi kada ya yafa wa maganata mayafi, ko da yake tun yanzu ya fara sunkuyar da kai. A karanta ta a gaban jama'a. Ranar da kuka zauna ba a kira ni ba, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Tanko dillalin goro ya sake ni, yau damina biyu ke nan. Malam Audu maɗinki, wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana neman aurena. Ina son sa, kuma na wuce shekarun da zan ɓoye. Ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce in Babbar Sallah ta wuce ba a ce na fita idda ba, zai kwashe kayansa ya koma Zariya wajen 'yan'uwansa. Ban ga laifinsa ba.

Na ɗaya. Bayan saki na ga jini sau ɗaya, sai ya ɗauke. Kuka ce in zauna shekara guda, na zauna. Saura kaɗan ta cika, sai ga ɗan ɗigo wanda bai kai ya ɓata zane ba. Saboda tsoron Allah na aika aka faɗa muku, kuka ce wata shekarar ta hau kaina. To, ina tambaya, don in sani: wannan ɗigon haila ne? Shekarar da Turawa suka ci Kano na fara ganin al'ada, tare muka hau mulki da su. Tun daga nan take zuwa kamar tsayuwar wata, ban da lokacin ciki da goyo. Na san kalarta, na san ciwon marar da ke yi mata iso. Wannan baƙon na yanzu ban san shi ba, kuma babu wanda ya tambaye ni kamanninsa kafin a yanke hukunci.

Na biyu. Tanko ya bi rumfunan goro yana cewa kwantaccen cikinsa nake ɗauke da shi. Gwaggo Kande ungozoma ta ga na ƙara ƙiba a tsakiya, ta dafa cikina ta ce mai yiwuwa ne, ta ba ni jiƙon da ke tada kwantacce. Na sha. Abin da ya tashi, ba zan sa malam ya rubuta ba, amma wuni na yi ina safa da marwa da buta. Ni na haifi huɗu da mijina na fari, Allah ya jiƙansa, na san nauyin ciki da motsinsa. Da Tanko ban taɓa ko ɓari ba. Yana son ɗa, kuma wallahi ina tausayinsa. Amma kun ɗauki burinsa kun mai da shi shaida, kun ɗaure ni da shi.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Wani zafi ke taso mini daga ƙirji ya haura fuska, gumi ya jiƙa ɗankwali, kafin in ce a miƙo mafici ya wuce, sanyi ya biyo baya. Na je ɗakin maganin Turawa. Mai ba da magani bai tambayi shekaruna ba, bai tambayi al'adata ba, ya ce zazzaɓi ne, ya ba ni kwinin. Na sha har kunnuwana suka riƙa ƙara, zafin yana nan daram.

Wata Bayarabiya mai rini a Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda nake sayen zane a wajenta, ita ta fara gaya mini gaskiya. Ta ga ina share gumi da sassafe, ta yi dariya har da tafi, ta ce hanya ce, kowace mace da ta yi tsawon rai sai ta bi ta. Ta ce in rage barkono. Ku ji fa, Bayarabiya ke hana ni barkono! Na gwada, na kuma sa wa kaina ido kamar mai gadin tukunya. Na lura ranar da na ci goro da yawa, zafin ya fi kai mini hari, barci kuma ya gudu. Ranar da na sha ruwa sosai da kunun tsamiya, na ɗaura zane mara nauyi, na ja baya da bakin murhu, sai in sami sauƙi. In na taka zuwa kasuwa da ƙafata, gwiwoyina sun fi sakewa. Nono da miyar ganye suna yi mini daɗin jiki. Faɗan da nake yi wa masu cin tuwona ba gaira ba dalili, shi ma ya ragu, ku tambaye su.

Duk da haka akwai abin da ban gane ba. Ina jinin yake zuwa in ya daina fita? Wasu sun ce shi ke hawa kai ya zama zafin nan, wasu sun ce ƙafewa yake yi kamar rijiya. Shekara nawa ake yi a haka? Me ya sa wata take shan wuya, wata ko a jikinta? Ranar da na fara al'ada, uwata ta ja ni ɗaki ta koya mini wanka da tsarki. Ƙarshen kuwa babu wanda ya koya mana, kowace mace sai ta yi ta lalube ita kaɗai, tana zaton ciwo ne ko sammu.

Na huɗu. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama sunansa ba, ya gaya wa wata aminiyata cewa a fiƙihu ma, in aka yi shakka kan mace mai irin shekaruna, mata ake tambaya. In haka ne, wace mace kuka tambaya? An ce mini maza ne zalla a zauren, daga masu rawani sai masu gemu.

Saboda haka ina roƙon ku, don Allah don Annabi. Ku tara tsofaffin matan unguwa waɗanda suka wuce wannan mataki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Su duba ni, su tambaye ni, su kawo muku abin da suka gani. Ku ba ni amsa kafin Sallah. Ku kuma sa a riƙa gaya wa mata wannan magana a cikin gidaje, har da cewa wadda jini ya ɓalle mata bayan ya daɗe da ɗaukewa, kada a yi guɗa a ce kwantacce ya tashi, a kai ta wajen likita. Mun binne wata maƙwabciyata bara ana jiran ta haihu.

Kada ku zaci da murna nake cewa haihuwa ta ƙare mini. Na yi kukana a ɗaki na share hawaye. Malam Audu ya sani, na gaya masa da bakina, ya ce shi abokiyar hira yake nema. In kun bincika kuka ce shari'a ta ce in ƙara jira, zan jira, ko da zan rasa shi. Sai dai ku taimaka ku faɗa mini abin da nake jira, jini ne ko ɗa? A iya sanina da jikina, babu mai zuwa a cikinsu.

Allah ya ƙara muku ilimi da adalci, ya ja kwanan 'ya'yanku mata da matanku, har su iso inda na iso lafiya.

Wassalam.

Gambo mai tuwo,
Sabo, Ibadan.