Ki Ɓoye Bilicin, Mama

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Mu nan Houston lafiya lau, kada ki sa komai a ranki.

Kamfaninmu na sharar ofisoshi ya hana bilic, ruwan wanke-wanken nan mai ƙarfin wari. Yanzu da sabulun ganye muke aiki, ba ya wari, ba ya cin hannu, ba ya ɓata ruwan gari. Na kai wa Yaya Noemi ta shinshina, ta ce, "Yesenia, ruwan banza aka sayar muku! Ɗakin da bai sa hawaye ba, ai bai wanku ba." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, sai da na riƙe ta.

Shekara da shekaru tana aikin shara, tana shaƙar bilic a banɗakunan da ba su da taga. Likita ya ce ta huta. Hutu ne kawai, Mama.

Za ta dawo gida kafin Kirsimeti, da duk kayanta. Roƙona ɗaya, ki ɓoye bilicin gidan. Za ta yi faɗa, ta ce ƙazanta. Ki bar ta ta yi, muddin numfashin ya ishe ta.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Yesenia