Na Sayi Hedifon Uku, Babu Wanda Ya Gaya Mini Gaskiya

Assalamu alaikum Anti Riskuwa. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, kuma kada ki yi dariya, don duk wanda na kai wa kukan nan dariya yake fara yi kafin ya saurare ni. Maganar hedifon ce. Na san za ki ce mutane na fama da manyan matsaloli ni kuma na zo da abin sawa a kunne, amma wallahi abin nan yana neman raba ni da aminina, ya zubar mini da mutunci a gida, ga kunnena kuma ya fara ba ni tsoro.

Ni saurayi ne, ina zaune a Gwadangaji cikin Birnin Kebbi. Da rana ina aiki a wani shagon buga takardu, in na tashi kuma kiɗa nake haɗawa a kwamfuta. Ba kalangu ba, ba gurmi ba, kiɗan na'ura irin na zamani. Ni na koya wa kaina, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya fara faɗawa. Ina da aboki tun muna sakandare, Zayyanu, mutumin Argungu. Shi Allah ya ba murya, ni ke yi masa kiɗa. Ba mu taɓa zama mun ce ga rabonka ga rabona ba, tare kawai muke tafiya.

Gidanmu gidan malamai ne. Tun rasuwar mahaifina, yayarsa da muke kira Goggo ce ke riƙe da gidan, kuma matan unguwa suna zuwa ɗaukar karatu wurinta bayan la'asar. Ranar da ta gane abin da nake yi a ɗaki ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ba za ta hana ni neman abincina ba, amma kada ta ji kiɗa a gidan, kada kuma baƙinta su ji. Na amsa da to. Shi ya sa ba ni da sifika ko ɗaya, duk aikina cikin kunne yake.

Hedifon na farko da na saya, a babbar kasuwa na same shi wurin wani mai kayan waya, Tamba. Na ce masa ina son wanda in ganga ta buga zan ji ta har ƙirjina. Ya ɗauko mini wani jibgege mai jan launi, ya sa mini waƙa, na ji kamar an ɗauke ni an dasa a tsakiyar filin rawa. Nan take na biya. Da shi na haɗa kiɗan waƙar da Zayyanu ya yi wa ƙanwarsa Fadimatu don bikinta. Na daɗe a kan kiɗan nan, Anti. Duk lokacin da na saurara sai in ji ƙarar ganga ta yi yawa tana danne muryarsa, sai in rage, in sake ragewa, har ya zauna daram a kunnena.

Ranar kamu na hau mota na tafi Argungu da sabuwar shadda. Mai sa kiɗa ya yi shela cewa ga waƙar yayan amarya, ƙawayen amarya suka miƙe suna gyara ɗauri. Da aka saki waƙar a manyan sifiku sai na ji wani abu kamar ana kaɗa gwangwanin madara da cokali. Babu ganga, babu nauyi, sai muryar Zayyanu tsirara tana yawo ita kaɗai. Ashe hedifon ɗin ne ke ƙara nauyin daga aljihunsa, ni kuma na bi na kwashe na gaskiyar. Matan suka ɗan taka don kunya, suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Ba a kai rabi ba mai sa kiɗan ya canza waƙa. Na ga amarya ta sunkuyar da kai. A bakin ƙofa, gaban abokan ango, Zayyanu ya dube ni ya ce, "Kai dai kunnenka ya mutu, ka je a duba maka shi." Ko abinci ban tsaya ci ba.

Na dawo da zuciya, na shiga intanet. Nan kuma kaina ya ƙarasa kwancewa. Wannan ya ce kaza ne sarki, wancan ya ce wanda ya sayi kaza bai san sauti ba, kowa da sunan kamfanin da yake yi wa bara. Wani Taufiq da muke zauren masu haɗa kiɗa tare a waya ya rantse mini cewa ƙwararru mai buɗaɗɗen baya suke sawa, wanda bayansa raga-raga ne iska na shiga. Na yi odarsa daga Legas. Gaskiya sautinsa tas yake, na ji abubuwan da ban taɓa ji ba a kiɗana. Abin da Taufiq bai gaya mini ba shi ne yadda iska ke shiga haka sauti ke fita. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa, in ya tayar da shi ba na jin komai sai na ƙure ƙara. Wata la'asar ina cikin aiki, ƙofata labule ne kawai, matan karatu kuma a inuwar bakin ɗakina suke shimfiɗa tabarma. Ina ta gyaɗa kai sai na ga inuwa a bango. Goggo ce tsaye da littafinta a hannu. Ta ce, "Mi ka kuka cikin ɗakin ga awa ƙudan zuma?" Ta juya ta fita. Daga baya na ji cewa wata daga cikin matan ta tambaye ta ko gidan malam ya koma gidan gala. Tun ranar Goggo tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da tuwo, amma hirar da muke yi bayan magariba ta mutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na uku kuma marar waya ne, na bulutut, na ce ko shi zai raba gardama. In na danna fiyano sai sautin ya yi jinkiri kafin ya iso, kamar mai amsa sallama daga bayan gida. Ba a iya buga komai da shi. Yanzu ga su nan uku rataye a ƙusa suna kallona, albashina ya ƙare a kansu, Tamba kuma ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ƙungiyar manoman shinkafa ta wajensu ta nemi Zayyanu ya yi musu waƙar talla, kuma na ji a bakin wani cewa Sakkwato zai kai a yi masa kiɗan. Bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Ga kunnena na hagu yana wani siririn ƙugi in wuri ya yi shiru, har na fara tunanin ko bakinsa ne ya kama ni. Anti, wane iri zan saya wanda ba zai yi mini ƙarya ba, ba zai tona mini asiri ba? Ko in tattara in haƙura da kiɗan gaba ɗaya? Kuma aminin da ya yarfa ni gaban mutane, har yanzu amini ne? Na gaji.

Naki, Mai Ƙugin Kunne, Gwadangaji.

Wa alaikumus salam, ɗana. Ban yi dariya ba. Murmushi dai na yi a wurin gwangwanin madara, ka yafe mini.

Mu fara da abin da ba a sayar da shi a kasuwa. Ƙugin nan ba bakin kowa ba ne, alama ce cewa kana azabtar da kunnenka da ƙara. Ka je asibiti wurin likitan kunne cikin makon nan, kada ka ɗiga komai a ciki da shawarar mai kemis. Kafin nan ka rage ƙara, ka riƙa cire hedifon kana hutawa, in injin maƙwabci ya tashi kai kuma ka tashi daga aiki. Ba a gasa da injin niƙa.

Game da saye, ni ba sana'ata ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin Malam Nu'uman, wanda ya daɗe yana aikin sauti a gidan rediyo. Ya ce ba ka sayi banza ba, kowanne da aikinsa, kai ne ka ɗora musu abin da ba nasu ba. Jan nan na jin daɗi ne, an yi shi don ya ƙawata waƙa. Kada ka ga laifin Tamba, abin da ka roƙa ya ba ka. Na bulutut na sauraro ne a kan hanya. Na Legas mai kyau ne ƙwarai, amma ɗaki mai shiru da ƙofa yake so, ba ɗaki mai labule a gidan karatu ba. Abin da ya dace da kai shi ne mai waya, mai rufaffen baya, irin na situdiyo, wanda ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Da farko za ka ji shi lami kamar miya ba gishiri, to wannan lamin shi ne gaskiyar kiɗanka. Kada ka saya sai ka gwada da waƙoƙin da ka sani ciki da waje. Ka bar shi a kanka ya ɗan jima ka ji ko yana matse kai ko tara gumi, don ka san zafin garinku. Ka tambaya ko ana canza wayarsa da soson kunnen. Ka sa wa wani, kai ka tsaya gefe ka ji ko sauti na fita. Ka sayar da biyu daga na ƙusa ka cika kuɗin sabon, ka daina bin gardamar intanet, ka zauna da guda ɗaya har ka san halinsa.

Ya kuma ce in gaya maka, ko hedifon na zinari ne, mai hankali ba ya sakin kiɗa sai ya ji shi a wurare daban-daban. Ka sa a waya, ka sa a rediyon mota, ka roƙi mai keke napep ya sa maka, ka je wurin masu hayar sifika. A nan ne laifinka yake, ɗana. Ka ɗauki waƙar bikin ƙanwar amininka ka kai taro ba ka taɓa jin ta a sarari ba.

Zayyanu bai kyauta ba. Ba a yi wa aboki haka gaban mutane, kuma yana da haƙurin da zai ba ka. Amma ka tuna kyauta ce ya shirya wa ƙanwarsa, ta lalace a idon dangi, kai kuma ka tafi ba ka ce masa komai ba. Kai ka ji kunya sau ɗaya ka hau mota, shi a garin yake kwana yana tashi. Ka gyara waƙar nan da kyau, ka kai ta Argungu da ƙafarka, ka ba Fadimatu a ɗakinta. Sannan ka zauna da shi ka faɗi naka kuskuren, ka gaya masa maganarsa ta yi maka ciwo. In duk da haka ya kai aikin tallar can Sakkwato, kada ka riƙe shi a zuci, aikin mutane ne a hannunsa kuma dole ya yi taka-tsantsan. Wani aikin zai zo.

Ita kuwa Goggo, ta cika nata alkawarin, kai ne naka ya zube, ko da ba da gangan ba. Ba bayanin raga-raga take buƙata ba. Ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ka ce mata daga yau lokacin karatu kwamfutarka a rufe take, kuma ta gani a aikace. Macen da ke fushi da kai tana aiko maka da tuwo ba ta yi nisa ba.

Kada ka bar kiɗa don ka yi tuntuɓe a wurin koyo. Allah ya ba kunnenka lafiya, ya daidaita tsakaninka da mutanenka, ya sa albarka a hannunka.

Anti Riskuwa