Na Ce wa Mai Karnuka Muna da Fili

Anti, ki taimake ni, kuma don Allah kafin ranar Asabar. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa, domin duk lokacin da na iso inda laifina yake sai in ga hannuna ya fara gyara labarin, yadda marubuta ke yi wa jarumar da suke so. Wannan karon zan faɗe shi yadda ya faru.

Wata Talata ce, wata bakwai da suka wuce. Shekararmu ɗaya da aure a lokacin. Muna zaune a hawa na huɗu na wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda wadda igiyar shanya biyu suka cika ta. Maigidana mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, yana fita da jakar kayan aikinsa tun ƙarfe bakwai, ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Danginmu duk suna nesa. Abokan hirata littattafai ne, ƙananan nan na soyayya da ake gamawa a zama biyu. Akwai su ƙarƙashin gado, akwai saman firij, akwai wanda ya sha mai a kicin. Ranar na gama wani da aka zana wata budurwa a bangonsa, tana tsaye a kan tudu, gefenta wani ƙaton kare mai gashi fari da toka, idanunsa shuɗaye kamar ƙwalba. A labarin shi ne ke jiran ta a bakin ƙofa, shi ne ke ɗora kai a cinyarta in ta yi kuka. Na rufe littafin, na dubi falona, babu abin da ke motsi sai fanka. Nan take raina ya ce kare nake so.

Maigidana bai musa ba. Ya tambayi mai kula da ginin, aka ce an yarda da ƙaramar dabba muddin ba ta damun jama'a. Ya samo mini lambar wani dattijo mai kiwon karnuka a bayan gari, ya ce aiki ya yi masa yawa, in je in zaɓa da kaina. Sharaɗinsa biyu ne kawai: ƙarami, kuma marar yawan haushi.

Anti, dattijon nan bai cuce ni ba. Kafin ya buɗe keji ko ɗaya sai da ya tambaye ni a ina muke zaune, wa zai riƙa fita da karen, kuma awa nawa zai yi shi kaɗai a rana. Ina shirin ba shi amsa ke nan na hango ɗan kwikwiyon a wani lungu, fari da toka, idanu shuɗaye, kai ka ce daga bangon littafin ya sauko. Sai na ji bakina yana cewa gidanmu a ƙasa yake, muna da fili a baya. Duk da haka dattijon bai saki jiki ba. Ya ɗaga ƙafar kwikwiyon ya ɗora a tafin hannuna, ya ce in duba faɗinta, daga dagi ake gane girman da kare zai yi. Ya ce irinsu a ƙasashen sanyi aka samo su, kakanninsu kaya suke ja a kan ƙanƙara wuni guda, gudu gare su kamar abinci ne. Ya nuna mini wata 'yar guntuwar karya mai launin ƙasa, shekararta uku, kunnenta ɗaya a karye, wadda masu ita suka yi ƙaura suka bar masa. Ta zo ta kwanta a kan takalmina ta yi barci. Na janye ƙafata. Ba ta yi kama da kowa a littattafaina ba.

Da na dawo gida maigidana ya ɗaga kwikwiyon da hannu ɗaya, ya tambaya ko iyakar girmansa ke nan. Na ce masa dattijon ya tabbatar mini irin na zaman bene ne, ba zai wuce haka sosai ba. Ƙarya ta biyu ke nan a wuni ɗaya, kuma ban ji ko ɗar ba. Na sa masa suna Jarumi. Maigidana ya yi dariya ya ce wato shi an sauke shi daga muƙamin.

Yanzu in Jarumi ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, hannuwansa a kafaɗata suke sauka. Ya cinye ƙafar teburin falo, ya yage labule, ya tauna littattafaina guda tara, har da mai hotonsa. Matakala sittin da huɗu ce tsakaninmu da ƙasa, sau ɗaya nake iya sauka da shi a rana, shi ma jan ni yake yi har wuyan hannuna ya kumbura. Gashinsa yana cikin miya, yana cikin aljihun rigunan aiki. Zafi yana damunsa, sai ya shige banɗaki ya baje a kan tayil, har maigidana ya gyara wata tsohuwar na'ura ya kafa masa a falo. Ba haushi yake yi ba, wani dogon kuka ne kamar jiniya, da zarar na fita ko da shago ne.

Maƙwabciyarmu ta ƙasa nas ce, aikin dare take yi, da rana take barci. Ita ce ta fara yi mini sannu da zuwa a ginin nan, ita ta raka ni asibiti lokacin da na yi zazzaɓi. Ba ta taɓa hawowa ta yi faɗa ba. Na dai gamu da ita a matakala idanunta jajur, ta ce mini yanzu a gidan yayarta take zuwa ta yi barci. Makon jiya mai kula da ginin ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa: ƙarshen wata, ko kare ya tashi ko mu tashi.

Amma ba wannan ne ke cin raina ba. Jarumi yana tsayawa a baranda, hancinsa tsakanin ƙarafa, yana kallon filin ƙwallon wata makaranta da ake hangowa daga nesa. In yana barci ƙafafunsa suna motsi, gudu yake yi a mafarki. Ya lashe ƙafarsa ɗaya har gashin wurin ya zube, likitan dabbobi ya ce kulle ne ya yi masa yawa. Ni na sa shi a kejin nan, don ya yi kama da zane.

Maigidana kuwa duk laifin a kan dattijon ya ɗora. Macuci yake kiransa, ya ce ya ga mace ita kaɗai ya yi mata wayo. Ya ba da labarin a wurin aiki, har abokansa biyu da suka yi niyyar sayen karen gadi a wurinsa suka fasa. Kullum sai ya ce kar in damu, ba laifina ba ne, zuciyata ce fara. Ya ce ranar Asabar zai sa Jarumi a mota ya je ya faɗa wa dattijon abin da bai taɓa ji ba. Tsohon kuma zai tambaye shi ina filin.

Na yi tunanin in kira dattijon in roƙe shi ya rufa mini asiri. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar. Har na yi tunanin in ba wani mutum karen a ɓoye in ce ya tsinke ya gudu. Anti, me zan yi? Kuma in har akwai irin karen da ya dace da gida irin namu, wanne ne? Ina tsoron falon nan ya koma shiru kamar da.

Mai karatu a hawa na huɗu

Ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne ba ki gyara labarin ba. Wadda ta iya faɗa mini haka za ta iya faɗa wa mijinta.

Dabarunki uku duk ki ajiye su. Kowacce ƙarya ce ta uku, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, kin riga kin ji bangonsa a kafaɗunki. Wadda ta fi muni ita ce ta roƙon dattijon, domin kin ɓata masa suna bai sani ba, sannan ki ce ya sa hannu a kan ɓatancin. Mutumin da ke ci da amanar da mutane suka ba shi, sunansa ne jarinsa.

Ki faɗa wa maigidanki kafin Asabar, ba a mota ba, ba yana ƙoƙarin fita aiki ba. Ki zaunar da shi, ki faɗi ƙaryar biyu a jere, gajeru, ba tare da dogon share fage irin na littafi ba. Zai ji zafi, kuma ki sani ba karen ne zai ƙona masa rai ba. Wata bakwai ya yi yana kare ki, ya zagi dattijo a gaban abokansa saboda maganarki. Ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki yi kukan da zai sa ya koma rarrashinki. In ya huce, ku tafi tare. Ke za ki ba tsohon haƙuri da bakinki, shi kuma ya koma wurin aiki ya warware abin da ya faɗa, a gaban mutanen da ya faɗa wa.

Shi ma maigidan ba zan wanke shi tas ba. Dabbar da za ta zauna da mutum shekara goma ko fiye ba a aika mutum ɗaya ya zaɓo ta kamar labule. Ya kuma bar yarinya a hawa na huɗu daga safe zuwa faɗuwar rana, babu dangi babu abin yi, bai tambayi me take yi da wunin ba. Amma wannan magana ce ta wata rana. Kada ki haɗa ta da neman afuwarki, sai ta zama kamar kina neman ragi.

Jarumi ya koma inda akwai fili. Na san kina son sa, kuma son ne zai sa ki sake shi. Dattijon ya san irinsa, ya san masu gona da manyan gidaje da ke nema. Kafin nan ku fita da shi safe da yamma, maigidan ya riƙe igiyar tunda ya fi ki ƙarfi. Ki sauka ki ƙwanƙwasa wa nas ƙofa da yamma, lokacin da ta dawo daga gidan yayarta, ki ba ta haƙuri ki gaya mata ranar da zai tafi.

Game da tambayarki ta ƙarshe, karen cikin littafi ba ya jin fitsari, ba ya zubar da gashi, in ya gundure marubuci sai a juya shafi. Na gaske kuwa da halinsa ake zaɓensa. Ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba, akwai 'yan mitsitsin da haushinsu ya fi na manya tashin bene. Abin dubawa shi ne irin da aka samar don zama kusa da mutum, ba don farauta ko kiwo ko jan kaya ba: mai sanyin hali, mai gajeren gashi in garinku da zafi, wanda tafiyar rabin awa sau biyu ke isar sa, wanda zai iya zama shi kaɗai ba kuka, wanda kuma za ki iya ɗauka ki sauka matakala sittin da huɗu ranar da ba shi da lafiya. Babba ya fi kwikwiyo sauƙin sani, domin halinsa ya riga ya fito. In kin lura, abin da na lissafa shi ne 'yar mai karyayyen kunnen da ta yi barci a kan takalminki. Dattijon ya ba ki amsa tun ranar.

Na san akwai masu karatu da za su ce me ya kai kare cikin ɗaki tun farko. Wannan tsakanin mai gida ne da iyalinsa da wanda suke tambaya fatawa, ba ita aka kawo mini ba. Abin da zan ce miki dai, kada ki yi saurin cike gurbin. Shirun falonki ba kare ne kaɗai maganinsa ba. Ki nemi abin da zai riƙa fitar da ke, karatu ko sana'a, ki gyara tsakaninki da maƙwabciyarki. Mai karatu irinki ma ba za ta rasa abin rubutawa ba, na ga alama a wasiƙar nan.

Allah ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya ba Jarumi filin da zai gaji da gudu, ke kuma ya ba ki barci mai daɗi.

Antinku

Da yake Asabar ta matso, na tura mata amsar nan tun kafin ta fito a shafi. Ga abin da ta maido mini da safiyar Juma'a:

Anti, na faɗa masa jiya. Ya ɗauki igiya ya sauka da Jarumi, suka yi awa biyu. Da ya dawo ya ce in shirya ƙarfe tara, kuma ni zan fara magana. Gobe Jarumi zai koma, kuma ba zan ɗauko wani ba a bana.